Na sauya kan Hilux, wayarin ya rikice

Assalamu alaikum. Masana wayarin mota, don Allah a taimaka mini.

A-kori-kurata Hilux mai injin dizal samfurin 3L ta yi hatsari, sai na sayo kan wata motar, wato gidan direba, aka ɗora a shasina. Injin yana tashi lafiya. Amma ina taka birki sai fitilun sigina su kama dishi-dishi, allurar mai ta faɗi ƙasa. Fis na fitilun baya kuwa ya ƙone har sau 3.

Mun kankare tsatsa, mun ɗaure wayar da ta haɗa bodi da shasi, batir sabo ne. Ni dai ina zargin soket ɗin bayan dashbod, domin launin wayoyinsa bai dace da na shasin ba. Daga ina zan fara gwaji? Da motar nan nake ciyar da iyalina.