Me za mu kira mai duba littafi kafin a buga shi?

Malamar Mamobi: Assalamu alaikum. Ina cikin gaggawa. Littafina na karatun yara yana wurin masu ɗab'i a Accra New Town, sun ce in ban kai musu shafin godiya ranar Alhamis da azahar ba, za su buga babu shi. Ina so in gode wa bawan Allahn da na biya ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya bayan an gama tsara su, wanda Turawa ke kira proofreader. Ba edita ba ne, bai taɓa min labari ba. Littafina na farko ni na duba da kaina har sau huɗu, aka buga, sai wata ɗaliba ta nuna min inda na ce baƙi sun iso, amma baki aka rubuta. Idona abin da ke raina yake karantawa. Wannan karon mutumin nan ya gano layi guda cur da ya ɓace tsakanin shafi na 31 da na 32 wajen tsarawa. Ban yi nadamar ko sidi ɗaya da na ba shi ba. Wane suna ya dace da shi?

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam. Mai tace rubutu.

Hajiyar Madina: Tace kam a'a. Duk mai kallon fina-finan Kano ya san Hukumar Tace Fina-finai. Za a ɗauka ya yanke miki wani abu ne. Mai gyaran rubutu fa?

Malamar Mamobi: Hajiya, shi ma ya yi faɗi. Edita ma gyara yake yi. Wannan ja kawai yake sa wa kure, ni ke yanke hukunci.

Baban Aboabo: 'Yata, kalmar tana cikin madafarki. Kafin ki ɗora shinkafa da wake me kike yi? Kina zuba su a faranti ki tsince tsakuwa. Ba ki canza shinkafar ba, ba ki ƙara mata komai ba, kin dai hana haƙorin baƙo karyewa. Aikin mutumin nan ke nan. Matsinci. Jam'i matsinta, kamar marubuci da marubuta. Na daɗe ina faɗa wa masu fassara a rediyo.

Ustazun Nima: Baba, da girmamawa, malamanmu sun riga mu. A da in almajiri ya gama kwafe littafi, sai ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, suna karantawa suna gwadawa. Sunan wannan muƙabala. Gyaran kuma tas'hihi, mai yin sa musahhihi.

Hajiyar Madina: Ustazu, yau in ka ce muƙabala, kowa zai zaci malamai biyu ne za su kara a bainar jama'a. Kuma littafin yara ne.

Baban Aboabo: Larabci aka ce a nemo ko Hausa? Matsinci.

Bakanon Legon: Ku yi haƙuri, matsinci a kunnena mai tsintar kayan bola ne. Kuma gaskiya matsalar ta fi suna. Hausar nan Gana ba ta bambanta k da ƙ, ga mace ana ce mata ya zo. Ƙa'idar boko a Zariya aka kafa ta, can Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Duk mai son littafi mai tsabta ya aika shi Kano ko Zariya a duba.

Baban Aboabo: Yaro, ka san Alhaji Umaru Karaci? A Salaga ya zauna, a Kete Karaci ya rasu a 1934, yana rubuta waƙa da tarihi da Hausa tun ba a haifi jaridar da kake kira ba. Wa ya aika wa a Zariya?

Bakanon Legon: Baba, ai a Kano aka haife shi.

Baban Aboabo: A nan ya yi rubutun, a nan kabarinsa yake.

Ɗan Asawase: Ni abin da ke min ciwo, in an aika can sai a mayar da maganarmu ta zango kure. Kalmar da kakata ke faɗa a Kumasi a goge ta don ba a jin ta a Fagge.

Malamar Mamobi: Wannan batu ya taɓa ni, shi ya sa na zaɓi wanda na zaɓa. Haifaffen Nima ne, ya yi karatun Hausa a Najeriya. Inda na manta ƙugiyar harafi, irin ta ƙ, ya mayar min da ita, inda yaran labarin ke magana irin tamu ya bar su, ya rubuta a gefe: da gangan ne? Amma don Allah, Alhamis jibi ce.

Hajiyar Madina: To bita fa? Kowane ɗan makaranta ya san ta, boko da allo. Mai bitar ƙarshe. Ƙarshen ne ya raba shi da edita, tunda daga hannunsa sai inji.

Ustazun Nima: Bita maimaita karatu ce, babu gyara a cikinta. Amma ta fi matsinci.

Bakanon Legon: Jimla ce, ba kalma ba. Za a dai gane.

Malamar Mamobi: Na ɗauka. Zan rubuta: "Godiya ga wanda ya yi wa littafin nan bitar ƙarshe kafin ɗab'i." Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, a yi min afuwa.

Baban Aboabo: Littafinki ne, 'yata. Ni dai a nawa matsinci zan sa. Shafin godiyar ma ki aika masa ya duba kafin ki kai New Town.