Neman kalma: abin nan da ake shafa wa fatar aska

'Yar Samaru: Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin horar da matasa masu aski, ranar Alhamis zai tafi wurin bugawa, kuma na maƙale a babin kula da aska. Turancin ya ce "stropping paste", wato abin da ake shafa wa fata a goga aska a kai don kaifinta ya dawo. Fatar dai na sa mata "fatar aska". Shi wannan fa? Na rubuta "man wasa aska" na ajiye, amma bai kwanta mini ba.

Malam na Kongo: Wa'alaikumus salam. Cire "wasa" tukuna. A baki karin sauti yana raba wasan yara da wasa wuƙa, a takarda kuwa babu mai raba su. Muna da washi. Ki sa "man washi".

Wanzamin Ƙofar Doka: Allah gafarta Malam, washin na yarda, man ne ban yarda ba. Kana cewa mai, yaro zai ɗauko man gyaɗa ya malala wa fata. Kuma akwai man fata na gaske, wanda ake shafawa don kada ta bushe ta tsage da hunturu, shi ba ya cin ƙarfe ko kaɗan. Wannan da Malama ke tambaya gari ne mai tsananin laushi da aka kwaɓa da kaki ko maiƙo, aikinsa cin ƙarfe. Fatar da ba a shafa wa komai ba miƙar da bakin aska kawai take yi. Wadda aka shafa wa wannan kuwa wasawa take yi, a hankali. Idan suna ɗaya aka ba su, an ɓata darasin.

Ɗan Baduku: To a ce "sabulun aska", tunda wani yana zuwa dunƙule, kore shar.

'Yar Samaru: Sabulun aski yana babi na biyu. Za su rikice.

Injiniya T/Wada: Kada ma a jingina sunan da launi. Koren da aka fi sani na sinadarin kuromiyam ne, ƙwayarsa wajen rabin maikuron, shi maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Akwai ja na tsatsar ƙarfe, akwai na garin daimon mai lamba 1 da 0.5 da 0.25, wato girman ƙwayarsa a maikuron. Amma kamfanoni sun bambanta, koren wani ya fi jan wani kaushi nesa ba kusa ba. Lambar ake dubawa. Ni "kwaɓin washi" nake gani.

Sarkin Nahawu: Duk waɗannan bayani ne, ba suna ba. Harshen da ya ba mu mantau da fiddau ba zai gaza a nan ba. WASAU. Kalma ɗaya, gaɓa biyu, an gama.

Malam na Kongo: Mantau mutum ne mai mantuwa. Wasau sai a ɗauka laƙabin maƙeri ne.

Sarkin Nahawu: Fiddau fa, shi ma mutum ne? Abin da ke damunmu ke nan, kowa na tsoron ƙirƙira sai ya ji an faɗa a Kano. A garin nan na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma yau Bazazzagi ba ya iya raɗa wa kwaɓin fata suna sai ya waiwaya.

Bakano a Sabon Gari: Ranka ya daɗe, ku fara raba "ne" da "ce" tukuna, sannan a ba ku raɗin suna. Wasau ɗin namiji ne ko mace ne?

Sarkin Nahawu: Gorin nan ya tsufa. Wanda ya ce "mace ne" shi ya koya wa kakanninku karanta jarida.

'Yar Samaru: Don Allah iyayena, Alhamis fa. Baba Wanzami, tunda ana nan, duba mini matakan: a shafa a fata, a goga aska sau 50 kullum kafin aski. Haka ne?

Wanzamin Ƙofar Doka: A'a 'yata, kin haɗa aiki biyu. Sau 40 zuwa 60 ɗin na fatar kullum ne, wadda ba a shafa wa komai. Shi kwaɓin fatarsa daban, kuma in ya taɓa fatar kullum ta tashi daga aiki, don ba ya fita duka. An fi so a manna fatar a kan katako mai santsi. Wadda ake ratayewa tana lanƙwasa, in ta lanƙwasa da kwaɓi a kanta sai ta dunƙule bakin aska maimakon ta fitar da shi.

Kwaɓin kamar ƙwayar wake ya ishi fata guda. A murje shi da yatsa har a riƙa hango fatar ta ƙarƙashinsa, a bar shi ya sha iska. In ya yi kauri, askar a kan maiƙo take zamewa, ba ta ci. Sai a kwantar da aska, baya da baki duk suna taɓa fata, a ja ta baya na gaba, baki na biye. Ba a dannawa, nauyin askar ya isa. A ƙarshen fata a juya ta kan bayanta, ba ta kan baki ba, in ba haka ba a yanke fata kuma a dakushe askar. Zuwa da dawowa 5 zuwa 10, shi ke nan. A goge ta tas da tsumma kafin ta koma fatar kullum.

Kuma ba kullum ba, sai ta fara jan gashi kuma fatar kullum ta kasa gyara ta. In baki ya yi giɓi, ko an yi ta kwaɓi har ya daina amsawa, sai dutse.

Injiniya T/Wada: Ƙara da cewa a rufe fatar a leda ko a zabira. Ƙurar hunturu ta fi ƙwayar kwaɓin girma sau da yawa, tana sauka a kai sai ta riƙa kartar bakin. Kowace lamba kuma da fatarta, kada 1 ya hau ta 0.25.

Malam na Kongo: Kun lura Baba da kansa ya yi ta cewa "kwaɓin" ba wanda ya tambaye shi me yake nufi? Ni har yanzu man washi ya fi mini daɗi a kunne, amma na janye.

Ɗan Baduku: A shago dai "koren nan" za a ci gaba da cewa.

'Yar Samaru: Na sa "kwaɓin washi", da jimla ɗaya ta bayani a farkon babin, "man fata" kuma ga wancan. Na gyara lissafin. Na gode ƙwarai.

Sarkin Nahawu: Kalma biyu inda ɗaya za ta wadatar. Ko a ƙasan shafi ki sa wasau.

'Yar Samaru: Babu fili, Baba, shafin ya cika.