Zafin ƙafar da aka riga aka yanke: shin na'urar lantarki tana taimakawa?

Maman Khadija: Assalamu alaikum. Wata 8 ke nan da aka yanke wa yayana ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa sakamakon haɗarin babur, amma har yanzu yakan farka da tsakar dare yana cewa babban yatsan ƙafar na yi masa zafi kamar an ɗora garwashi, ya kai hannu zai sosa, sai ya tarar da zanin gado kawai. Dangi sun fara cewa iska ce. An ba mu shawarar sayen na'urar TENS. Shin tana da amfani?

Malam Sani, mai gashin ƙashi: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar wa dangi da hankali, domin wannan zafi na gaske ne, kuma fiye da rabin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna fama da shi. TENS tana aika lantarki mai sauƙi ta fata, bisa ra'ayin masana Melzack da Wall na 1965 cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon zafi hanya a lakar baya. Wasu suna samun sassauci, sai dai bitar da Cochrane, ƙungiyar tace binciken lafiya, ta yi a 2015 ba ta sami ingantaccen gwaji a kan wannan ciwo ba. Kada a manna ta a dungun da bai warke ba, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance ta.

Hajiya Binta: Malam, ka ba ni dama in ƙara. A Jamus, Herta Flor ta nuna a 1995 cewa idan aka yanke hannu, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da fuska yakan kutsa gurbinsa, kuma gwargwadon kutsen gwargwadon zafin. A 2001 ta horar da marasa lafiya na mako biyu su riƙa tantance inda lantarki ya taɓa dungunsu, zafin kuwa ya ragu. Abin da ya fi burge ni shi ne hankalin da mara lafiya ke mayarwa, ba ƙarfin lantarkin ba. Gaskiya ne Tamar Makin a Ingila ta ƙalubalanci wannan fassara a 2013, inda ta gano cewa taswirar hannun a ƙwaƙwalwa tana nan daram, musamman ga masu tsananin zafi, don haka masana ba su gama muhawara ba.

Malam Sani: Haka ne, Hajiya. Kafin a kashe kuɗi, ya gwada dabarar madubi ta Ramachandran: ya ajiye madubi tsakanin ƙafafunsa, ya riƙa motsa ta dama yana kallon hotonta kamar ita ce ta hagun.

Maman Khadija: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zai koma asibiti, zan raka shi mu tambayi likitansa dukkan hanyoyin biyu.