Ɗalibi ɗaya darussa da yawa, darasi ɗaya ɗalibai da yawa: yaya zan tsara teburin?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar sakamako wa Islamiyyar unguwarmu da SQLite, manhajar ajiye bayanai a tebura. A teburin ɗalibai na buɗe ginshiƙi guda, ina zuba lambobin darussa da waƙafi, kamar 1,4,11. Jiya na nemi masu Tajwidi, lamba 1, da LIKE, umarnin neman rubutu mai kama da juna, sai ga 'yan 11 da 14 duk sun fito. Wallahi abin ya hana ni barci, ga rabon sakamako ranar Asabar.

Anti Hauwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ginshiƙin shi ne ciwon, cire shi. Bayan teburin ɗalibai da na darussa, buɗe tebur na uku, ka kira shi rajista: lambar ɗalibi, lambar darasi. Layi ɗaya, haɗi ɗaya. Yaron da ke Fiƙihu da Hadisi da Tajwidi layi uku ne. Ka haɗa ginshiƙan biyu su zama babban mabuɗi, wato abin da ke bambanta kowane layi da sauran, don kada a yi masa rajista sau biyu a darasi ɗaya. Maki ma can ne mazauninsa, domin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, ba na darasi kaɗai ba. Sauran aikin JOIN ne, umarnin da ke haɗa tebura.

Malam Bala: Anti ta faɗi daidai, sai dai a ƙara shekara da zango cikin mabuɗin, in ba haka ba wanda ya maimaita aji ba zai shiga ba. Kuma SQLite ba ya duba mabuɗan waje, wato lambobin rajista da ke nuni ga teburin ɗalibai da na darussa, sai ka rubuta PRAGMA foreign_keys = ON duk lokacin da ka buɗe ma'ajiyar.

Ɗan Gwale: Allah Ya saka da alheri. Mai maimaita aji ko tuna shi ban yi ba, ga su biyar a aji uku.