Basakkwacen da ya koma Kananci ya raina asalinsa ne?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan yayata ya zo daga Gwadabawa, yana tsaron shago a Kantin Kwari. Da ya ce "biyat" ko "mi kaka so?" sai yaran layin su fashe da dariya, har sun daina kiransa idan za a ci abinci. Yanzu ya fara lanƙwasa harshe zuwa Kananci. Mahaifinsa ya ji shi a waya, ya ce duk wanda ya sauya harshensa don a karɓe shi ya raina asalinsa. Me kuka gani?

Alhaji Bala: Hajiya, yaro neman halal ya fito. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Mai sayen atamfa so yake ya gane farashi nan take.

Malam Sani: Alhaji, ai babu Bakanon da bai san "biyat" ba. Sun gane sarai, raini ne kawai. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci, rediyo da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, suka yaɗa ta, shi ya sa wasu ke ɗaukar sauran kare-karen harshen kamar kuskure. Amma da wane karin harshe Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa? Wa ya taɓa yi masa dariya?

Zainab: Baba Malam, Narambaɗa a gidansu yake, wannan kuwa baƙo ne, shi kaɗai yake cin tuwonsa a bakin shago. Abin da ciwo wallahi. Kuma an ruwaito daga Sayyidina Ali cewa a yi wa mutane magana da abin da suka sani. Da kwastoma ya yi Kananci, da babansa ya yi Sakkwatanci. Ina rainin yake?

Malam Sani: Na yarda da batun kwastoma, 'yata. Abin da nake tsoro shi ne ranar da zai ji kunyar mahaifiyarsa in ta yi magana gaban abokansa.

Alhaji Bala: Wannan kam gaskiya ne.

Hajiya Rabi: To su yaran fa? Kowa yaron nake ji yana yi wa gyara.

Zainab: Anti, ki samu maigidan shagon ya tsawata musu. Ko ya iya Kananci tsaf, mai neman abin dariya zai koma kan tafiyarsa ko hularsa.