Kifin pike a tafkin Mälaren na Sweden: me zan saya kafin Asabar?

Abu Hanif: Salamu alaikum jama'a. Asabar in Allah ya kai mu zan fita Ekoln da yarana biyu, mu gwada pike ɗin nan da 'yan ƙasa ke kira gädda. Sanda ina da ita. Wane koto zan saya, kuma sai na yanki kati?

Ɗan Yauri: Wa alaikumus salam. Ekoln ai reshen Mälaren ne, jifa da sandar hannu kyauta ne, kamar a Vänern da Vättern da Hjälmaren da Storsjön. Yawancin sauran tafkuna ne ke neman fiskekort, wato katin izinin kamun kifi.

Bakano: Sayi cokalin ƙarfen nan mai walƙiya, Atom na Abu Garcia. Ɗaya azurfa, ɗaya ruwan tagulla.

Kawu na Västerås: Abu Hanif, tun da da yara za ka, ka saurare ni. Kafin koto, sayi waya. Shekarata ta farko na shiga wani shago, mai shagon ya ɗora mini koton Rapala guda uku bai ce da ni uffan kan waya ba. Na ɗaura kai tsaye a zare. Jifa na uku gefen kyauro, abu ya fizga, sanda ta lanƙwashe, sai kuma sakayau. Haƙora sun datse zaren kamar da reza. Kafin la'asar koto biyu sun tafi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne kifayen sun tafi da ƙugiya a baki. Dole a sa guntun waya ta ƙarfe, kamar taƙi ɗaya, tsakanin zare da koto.

Na biyu, doguwar filaya. Ranar da na kama na farko ƙugiya ta shige ciki, na zura yatsa zan cire. Haƙoran nan a karkace suke suna kallon maƙogwaro, har a dasashin sama akwai su jere. Da na janye hannu sai suka tsefe mini babban yatsa, jini ya ƙi tsayawa har na isa mota. Kada yaro ko ɗaya ya kai hannu bakinsa, ko da kuwa ya daina motsi.

Abu Hanif: Subhanallahi. Na gode Kawu, Allah ya saka.

Ɗan Yauri: Halinsa ɗaya da tsage na Kainji wajen haƙori. Sai dai tsage bin kifi yake a guje, shi kuwa wannan laɓewa yake cikin ciyawa ya jira. Ka riƙa jifa a bakin ciyawar, kana ja kana ɗan dakatawa, lokacin tsayawar yake kai cafka.

Bakano: Ɗan Yauri ba ya magana uku bai ambaci Kainji ba.

Ɗan Yauri: Ku da kuke sayen busasshe a Sabon Gari me kuka sani?

Maman Ikram: Ni dai ƙayarsa ce ta raba ni da shi. Ƙaya ce mai kai biyu kamar gwafa, jere a cikin tsoka. Niƙa shi nake in yi ƙwallon kifi. Kuma hukumar abinci ta nan ta ce mai ciki da mai shayarwa kada su wuce sau 2 zuwa 3 a shekara saboda sinadarin makuri. Abu Hanif ka gaya wa maman yara.

Kawu na Västerås: Shi ya sa manyan nake sakewa. Yawancinsu mata ne, su ke zuba ƙwai, kuma su suka fi tara makurin.

Bakano: Haba Kawu, in sha sanyi tun asuba sannan in mayar da rabona ruwa?

Kawu na Västerås: Ɗauki matsakaici ka ci, ɗana. Ya fi daɗi ma.

Ɗan Yauri: Pike ɗin nan mai kilo 25 da aka kama a Jamus a 1986, wanda ya kafa tarihin duniya fa, Kawu, shi ma da ka sake?

Abu Hanif: Wai safe zan fita ko yamma?

Maman Ikram: Ko yaushe ne dai a sa wa yaran rigar ruwa, ruwan ya fara sanyi.

Bakano: Idan akwai wuri a motar ina ciki, ni zan zo da shayi.