Ni kaɗai ke jinyar Hajiyarmu, na fara gazawa

Assalamu alaikum, don Allah a ɓoye sunana. Shekara 2 ke nan Hajiyarmu na fama da ciwon mantuwa, likita ya ce Alzheimer ne. Mu shida ta haifa, ni ce auta, ni ce kuma a gida tun da aurena ya mutu. Da la'asar ta yi sanyi sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa, wai Innarta na jiranta. Innar da ta rasu tun ba a haife ni ba. Jiya a gaban maƙwabta ta ce na sace mata ɗan kunne, ashe yana cikin robar gishiri. Na daka mata tsawa, na shige ɗaki na yi ta kuka. Yayyena kuɗi kawai suke turowa, in na yi ƙorafi a ce aljannata nake nema. Ya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, rikicewar yamma sananniya ce a ciwon nan. Kunna fitila tun kafin magariba, ki kashe talabijin, ki ba ta abin da hannunta ya saba, ko tsinke zogale ne. Kuma daina ce mata Inna ta rasu, kullum sabon makoki kike buɗe mata. Ce mata, "To Hajiya, mu sha kunu tukuna." In rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai ta asibiti a duba fitsarinta, ciwon sanyin mafitsara na jawo haka ga tsofaffi.

Wani ɗan uwa: Anya ba sammu ba ne? A gwada ruƙiyya.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, a yi addu'a, amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa. Kada a daina ganin likita.

Wata uwa: 'Yata, nawa daban ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, MND ne ya kama shi, ciwon jijiyoyin motsi irin na masanin kimiyyar nan Stephen Hawking. Hankalinsa garau, jiki ne ya ƙi. Duk awa 2 sai na juya shi saboda gyambon kwanciya, ruwa ma ƙwarewa yake da shi, sai kunu mai kauri a cokali. Shekara guda ina cewa "a taimaka", kowa na cewa Allah ya ba da lada. Ranar da na yanke jiki na faɗi a tsakar gida, sai na kira wansa, aka raba kwana a takarda: wane Litinin, wance Juma'a, wanda ke nesa ya biya mai aiki. Ki nemi babban da yayyenki ke jin kunyarsa. Kuma ki faɗi ranar hutunki da bakinki.

Wata 'yar uwa: Ɗinka lambar wayarki a jikin hijabinta, ki sanar da mai shagon layinku. Namu Baban a tasha aka tsinto shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na kira Kawu, ya ce ranar Asabar bayan azahar zai tara su. Ga ta can ta fara neman ɗankwalin, bari in ɗauko zogalen.